Neman kalma: amibar da ba ta zaune a jikin kowa

'Yar Agege: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 za mu naɗi shirin lafiya a kan ruwan tanki da na rijiya a nan Legas. Baƙona yana nazarin amiba, amma ba mai kawo atini a hanji ba, irin wadda ke rayuwarta a ruwa da ƙasa. Me zan kira ta? Sannan yaya zan raba *species* da jinotayif? A taimaka kafin Isha'i.

Ɗan Mile 12: Amiba mai zaman kanta.

Uwar Biyu: Kai, rufa mana asiri! A rediyo? Ka san abin da "mai zaman kanta" ke nufi a kunnen mutane. Ki ce mai cin gashin kanta.

Baba Malami: Tun daga "amiba" kuka ɓata. Asalin sunan na Girkanci ne, yana nufin sauyi, domin ba ta tsayawa a siffa guda. Ni *sauya-kama* na koya wa ɗalibaina. Harshen da ke da hawainiya ba ya buƙatar aron suna.

Likitan Ido: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bari in fara da tambaya ta biyu, nan rigimar take. A 1977 masana biyu, Pussard da Pons, suka kasa Acanthamoeba, ɗaya daga cikin amibobin ruwa da ƙasa, gida 3 bisa girma da siffar ƙwanson da take shiga idan wuri ya bushe. Daga baya aka lura ƙwanson kan sauya da yanayin da aka raine ta, sai aka koma duba ƙwayar gadon da ake kira 18S. Idan bambanci ya kai wajen kashi 5 cikin 100, a ba da sabuwar lamba: T1, T2, har yanzu sun haura 20. T4 ce aka fi samu a gyambon idon masu wanke gilashin manna wa ido da ruwan famfo. Abin lura, ƙanwata, sunaye da lambobin ba su hau kan juna ba. Castellanii da polyphaga sunayen *species* biyu ne na Acanthamoeba, amma duk ana samunsu a T4. Kada ki zaɓi kalmar da za ta nuna lamba ƙaramin reshe ce a ƙarƙashin suna.

'Yar Agege: Madalla, Dakta. To dangi ga Acanthamoeba gaba ɗaya, jinsi ga castellanii?

Uwar Biyu: Jinsi kuma a ɗauka mace da namiji kike nufi. Nau'i ya fi. Jinotayif ma kada ya fito bakinki, yanzu za a bugo waya ana tambayar ko amiba AS ce ko SS.

Baba Malami: Nau'i Larabci, jinsi Larabci. Ina "iri" ya tafi? Abin da zaman kudu ke jawowa ke nan.

Ɗan Mile 12: Ranka ya daɗe, "malami" ma ai Larabci ne, ba mu ji ka ajiye shi ba. Kullum sai a ce Hausar Legas ba Hausa ba ce. Kakanninmu na Agege tun zamanin fataucin goro, da kurmanci suke ciniki?

Basakkwace: Kananci ma da kuke taƙama da shi, Bature ya ɗora shi a boko. Mu nan ta hwaro.

'Yar Agege: Jama'a, agogo fa.

Likitan Ido: Ki ce "rukunin gado", T4 ta zama rukunin gado na 4. Amma nau'i na da muhimmanci a Naegleria, wani dangin amibar ruwa na daban: sun fi 40, fowleri kaɗai aka tabbatar tana kama mutum. Masana Fowler da Carter suka fara bayyana cutar da take kawowa a Ostareliya a 1965. Ta hanci take bi zuwa ƙwaƙwalwa, daga ruwa mai ɗumi, shan ruwan ba ya kawo ta, kuma ba ta zama a ruwan gishiri. A Karachi ta Pakistan an danganta wasu da suka kamu da shaƙa ruwan da ba kulorin. Ki faɗi wannan da lalama, cutar ba ta da yawa, kada mutane su tsorata da alwala. A wanke tanki, a rufe shi.

Baba Malami: Rukunin gado ba laifi. Sai dai "cin gashin kai" maganar siyasa ce, ba ta halitta ba.

'Yar Agege: Na rubuta: amibar waje da amibar hanji, dangi, nau'i, rukunin gado. Baba, zan ambaci sauya-kama sau ɗaya wurin bayanin siffarta.

Baba Malami: Sau ɗaya? To, shirinki ne. Amma "iri" na nan, ban janye ba.

Basakkwace: Waje na ina? Wajen gida ko ƙasar waje?