'Yar mesata tana ɗaga kai sama tana karkata shi: ciwo ne ko ɗabi'a?

Mai Kiwo, Abuja:
Assalamu alaikum. Ina da 'yar mesa ta irin da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius, kuma watanta kusan biyar. Tun shekaranjiya na lura tana ɗaga kai tana kallon rufin akwatinta na tsawon lokaci, sannan idan ta tashi tafiya sai kan ya karkata gefe, jikin ya biyo shi yana murɗewa. Jiya na miƙa mata ɓera ta kai masa sara har sau biyu tana kuskurewa, daga ƙarshe ta ƙyale shi, alhali kuwa duk mako take ci ba fashi. Wanda ya san abin nan ya taimaka mini.

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗaga kai shi kaɗai ba ya nuna ciwo, domin ƙaramar mesa takan miƙe da dare tana lalube a bango tana neman mafita. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne murɗewar da kuskuren sara. Ka kwantar da ita a hankali a kan bayanta bisa tabarma mai laushi; mai lafiya takan juya nan take, idan kuwa ta daɗe tana fama ko ta kasa, to matsalar ta taɓa jijiyoyi. Ka kuma gaya mana launinta. Akwai wanda masu kiwo ke kira spider, mai siraran zane baƙi, wanda ake haifarsa da rawar kai. Wannan gado ne, ba ya warkewa, ba ya yaɗuwa, kuma da yawa suna rayuwa da shi lafiya. Sai dai wannan yakan bayyana tun da wuri, ba a dare ɗaya ba.

Hajiya Binta, Kumasi:
Ƙanina, kafin ka kai tunaninka nesa, ka duba ɗakin da take ciki. Shin an yi feshin maganin sauro ko an zuba fiya-fiya a kwanakin nan? Maciji ba ya jure waɗannan magunguna, kuma akwatin da ke ƙasa a kusurwa shi ne ke tara tururin. Na taɓa rasa wata a dalilin haka, domin mai aikin gida ta yi feshi ta rufe tagogi ba ta san akwai rai a ɗakin ba, da safe na same ta tana karkarwa. Abu na biyu shi ne zafi. Ko da yake wannan mesa 'yar yankinmu ce, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, a daji cikin ramin ɓera ko shuri take wuni, ba a bainar rana ba. Gefen ɗumi na akwatin ya tsaya tsakanin digiri 31 da 33, ɗaya gefen kuma kamar 26. Akwatin gilashin da rana ta haska ta taga yakan wuce haka sosai cikin minti kaɗan, kuma zafin da ya yi yawa yana lalata ƙwaƙwalwa.

Dakta A.:
Bayanin Hajiya ya yi daidai. Zan ƙara cewa ka saurari numfashinta, domin mesar da ke da ciwon huhu takan ɗaga kai don ta samu iska, ana jin fito a hancinta, ana ganin majina ko kumfa a baki. Akwai kuma cutar macizai da ake kira IBD, mai taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wadda a 2012 masu bincike a Amurka suka danganta da wata ƙwayar cuta. Ba ta da magani, kuma ana zargin ƙananan ƙwari baƙaƙe da ke maƙale a gefen ido da ƙarƙashin haɓa suna yaɗa ta. Idan kana da wasu macizan, ka ware ta yau. Kada ka ɗura mata abinci ko maganin mutane. Ka ɗauki bidiyon motsin, ka kai ta wurin likitan dabbobin da ya saba da masu jan ciki, domin ba kowane asibiti ne yake duba su ba.

Mai Kiwo, Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Launinta na asali ne, kuma babu majina. Amma Hajiya, kin taɓo wurin: ranar Lahadi an yi feshi a falo, ƙofar ɗakin kuma a buɗe take. Na mayar da ita wani ɗaki, na sauya shimfiɗa da ruwan sha, na wanke akwatin. Da na kwantar da ita ta juya, sai dai da jinkiri. Likita ya ce in kawo ta gobe da ƙarfe tara, in zo da gwangwanin maganin da aka fesa.