Wai gyatsar shanu na ɗumama duniya: masu kiwo, me kuka gani da idonku?

Malamin Kumo: Salamu alaikum. Jiya a aji na kawo rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2013, wanda ya ce kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya daga kiwo take, kuma shanu ne kan gaba. In saniya tana tuƙa, gyatsarta na fitar da iskar metan, ɗaya daga cikin masu ɗumama duniyar. Sai wani yaro ya ce, "Malam, har da shanun kakana?" Na rasa ta cewa. Ku da kuke cikin harkar, ku taimaka min.

Baffan Dukku: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban san metan ba, gawo na sani. Muna yara, da an gama girbi manomi ke zuwa har ruga ya roƙi mahaifina ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara, su bar masa taki, ya kuma ba mu damin gero. Yau kara, harawa da kowar wake duk kuɗi ne, ana kwashe su tas, gona ta zauna tsirara har ruwa ya sauka. Burtalin da muke bi zuwa dajin kiwo na Wawa-Zange noma ya matse shi, wani wurin da ƙyar shanu biyu ke jerawa. To in bazara ta yi zafi, ba ciyawa, me ya rage? Mu hau gawo da maɗaci mu sassaro ganye. Na yi, ba zan ɓoye ba. Gawo uku ne a bakin mashayarmu, biyu sun bushe, kuma da hannuna a ciki. Har yanzu in na wuce wajen ba na son ɗaga kai.

Goggon Bajoga: Allah sarki Baffa. Ni tumaki huɗu nake turkewa a gida saboda layya. Dā yara nake biya su kwashe kashinsu su zubar. Tunda takin zamani ya yi tsada, masu lambu ke sallama da buhunansu suna saye. Ruwa ne dai ke cin kuɗina, in rani ya yi sai 'yan garuwa.

Mahauci daga Gombe: Ku bar batun gyatsa, ku zo mayanka ku ga tumbi. Sau nawa nake farka cikin saniya in ciro leda a dunƙule kamar ƙwallo, har da igiya. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Mu ma mahauta da namu laifin: masu babbaka da tsohuwar taya, hayaƙin nan unguwa ce ke shaƙarsa.

Ɗalibar noma: Baba Malam, ka gaya wa yaron cewa lissafin na duniya ne gaba ɗaya. A Barazil kiwon shanu ne babban dalilin sare dajin Amazon, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin duniya abincin dabbobi ake nomawa a cikinsu, masara da waken suya. Shanun kakansa ba a share musu irin wannan dajin ba. Sai dai su ma suna gyatsar, kuma da yake yunwar rani na sa su daɗe ba su yi nama ba, nonon ma kaɗan, iskar da suke fitarwa a kan kowane kilo na nama ko nono tana da yawa.

Manomin Dadin Kowa: Baffa, a yi min afuwa, mu ma a ji namu. Inda garke ke gangarowa shan ruwa kusa da gonata, kofato ya daddage ƙasar, ruwan sama ba ya shiga sai ya gudu. Kwarin da ya fara kamar sawun keke yanzu ya cinye min kunya shida. Amma harawa kam ina sayarwa, ban musa ba.

Malamin Kumo: Na gode ƙwarai. Baffa, in ka amince zan kawo yaran ranar Asabar su ga gawon da ya rage.

Baffan Dukku: Bismillah. Ku yi sammako, kafin hantsi shanun sun fita.