Sifid da istamina: wa zai raɗa musu suna da Hausa?

Kociyan Agege:
Salamu alaikum jama'a. Ina da yara 24 da nake koya wa ƙwallo a wani fili kusa da layin dogo, 'yan shekara 11 zuwa 15, yawancinsu 'ya'yan mahautan abbatuwar Oko-Oba ne. Da Hausa muke komai a fili, sai dai in faɗa ya kaure Yarbanci ya ɓalle. Kalmomin Turanci biyu ne suka tsaya min a wuya: sifid da istamina. A wurin yaran nan duk gudu gudu ne. In na ce yau sifid za mu yi, su ruga. In na ce istamina, su sake rugawa, sai dai da ɗaure fuska. Alhali abin da Usain Bolt ya yi a Balin a 2009, mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, da abin da Kelvin Kiptum ya yi a Shikago a 2023, kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da daƙiƙa 35, ba dangin juna ba ne. Shi kuwa ɗan ƙwallo dole ya ɗebi rabonsa a kowanne. Ina neman sunan da yaro zai ji ya gane bambancin tun kafin na busa usur.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Koci. Ai wannan ba abin wahala ba ne. Horon sauri da horon juriya. Gajeru ne, kowa ya san su, ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba.

Kociyan Agege:
Malama, da juriyar na fara, ita ce ma ta kawo ni nan. Yaron Bahaushe in ka ce masa juriya, abin da yake ji shi ne cije haƙori, kada a ga gazawarka. Bara ina sa su zagaye fili sau goma ina ihun "juriya, juriya", bayan sun yi liƙis kuma in jera su su yi tsere. Akwai wani ɗan shekara 13, siriri, mafi gudu a cikinsu. Mako uku yana fama da ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwarsa bai faɗa ba. Ranar da na lura, yana ɗaure takalmi ne, na ga ya kasa durƙusawa, ya miƙe ƙafar gefe guda. Wurin ya yi tsiro kamar ƙaramin goro. Da na ce don me bai gaya min ba, sai ya ce, "Koci, ai kai ka ce a jure." Likita ya ce ciwo ne da ke kama yara masu tasowa in aka yawaita musu gudu da tsalle, ya ba shi hutu mai tsawo. Laifina ne, ban musa ba. Amma kalmar ma ta taya ni.

Baba Mai Raguna, Alaba Rago:
Ɗana, ku 'yan boko kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Na yi shekaru ina kiwon doki a Zazzau kafin neman abinci ya kawo ni Ikko. Mu ba mu cewa doki yana gudu kawai. Akwai tafiya, akwai sassarfa, akwai sukuwa. Da yamma a fita da shi kilisa, a hankali, ya yi nisa, ya yi gumi, ya dawo yana sha'awar ƙari. Sukuwa kuwa gajeriya ce, kuma ba kullum ba. Dokin da za a kai gaisuwa ƙofar fada ranar hawan salla, ka sake masa linzami ya zo kamar iska ya yi zamiya, ba wanda zai fara gajiyar da shi tukuna. Ba a sukuwa da gajiyayyen doki. Kai kuwa abin da ka yi wa yaranka ke nan. Ka ce horon sukuwa, ka huta.

Ɗan Damben Mile 12:
Allah ya ja kwana Baba. Ni ta ɗaya kalmar zan shiga. A gidan dambe ba ka jin an ce wane ba shi da juriya, don wannan zagi ne, har a yi rigima. Cewa ake ba shi da numfashi. Za ka ga ƙato ya shigo turmin farko kamar zai ci mutum ɗanye, kafin turmi na uku hannu ya sauka, baki a buɗe, ɗan ƙaramin yaro ya ajiye shi. Zuciyar tana nan, iskar ce ta ƙare. Dogon numfashi, shi ne istaminarku.

Direban Danfo:
Ku zo Oshodi da ƙarfe biyar na yamma ku ga sifid kyauta. Ni na ce a sa masa "ƙafa me na ci ban ba ki ba".

Ma'aikaciyar Jinya, Obalende:
Direba ka ba ni dariya, amma dubi yaran da ke talla a gosulo: ya bi mota da gudu mita ashirin, ya karɓi kuɗi, ya dawo yana takawa, ya sake. Ba don hayaƙi da haɗari ba, tsarin horon ke nan. Kuma maganar mai dambe ta yi daidai da yadda jiki ke aiki. Gudun kece raini yana cin wani ɗan tanadi ne da ke cikin tsoka, wanda ba ya wuce daƙiƙa goma ko makamancin haka, kuma sai an ba shi minti biyu zuwa uku kafin ya taru sosai. Shi ya sa in ka hana yaro hutu tsakanin ruga da ruga, ba sauri kake koya masa ba, jan ƙafa kake koya masa. Ɗaya horon kuwa aikin zuciya da huhu ne, su riƙa kai iska ga tsoka ba yankewa. Ma'auninsa ma numfashin ne: in yaro yana gudu yana iya yi wa na kusa da shi magana, daidai ke nan. In haki ya hana shi, a sassauta. A Legas kuma a kula da ruwan sha, don iskar nan mai laima ba ta barin gumi ya bushe, jiki ba ya hucewa da wuri kamar a Arewa.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Dogon numfashi na karɓa hannu bibbiyu, ya fi nawa. Na so in kawo fanfalaki, to amma wannan sunan tsere ne, irin wanda aka fara yi a Legas a 2016, aka taso daga filin wasa na Surulere aka haye gadar Third Mainland. Ba sunan horo ba ne. Sukuwa ce ta ɗan tsaya min, kada uwa ta ji an mayar da ɗanta doki. Sai kuma na tuna sassarfa ma ta doki ce, ga shi alhazai suna yin ta tsakanin Safa da Marwa ba wanda ya ji haushi. Zafin nama dai a bar shi gefe, wannan na kauce-kauce da saurin juyi ne, wani abu daban.

Baba Mai Raguna, Alaba Rago:
'Yata, a garinmu in an kwatanta mutum da ingarma, tukuici yake bayarwa.

Kociyan Agege:
To, Alhamdu lillahi, an raɗa: horon sukuwa da horon dogon numfashi. Jiya na gwada. Bayan sun ɗumama jiki na ja layi mita 25, na ce sukuwa shida, kowa ya dawo da tafiya, ba wanda zai sake tashi sai na kira shi. Da farko sun ɗauka hutun tarko ne, suna ta satar kallona. Yanzu Talata da Asabar sukuwa ce a farkon atisaye. Alhamis dogon numfashi, shi ma rabinsa da ƙwallo a ƙafa, huɗu da huɗu a ƙaramin fili, don zagaye kawai yana kashe musu sha'awa. Abin da ya rage min shi ne mai tsaron gida, wanda ya ce shi ba doki ba ne, kuma ragarsa ba ta zuwa ko'ina. Baba, akwai kalmar da kuke gaya wa irin wannan?