Kafin ka sayi darasin kasuwancin intanet

Masu sayar da atamfa a WhatsApp da Instagram sun tattauna kan darussan koyon sana'ar. Shawarar yawancinsu: kafin ka biya, tambayi mai darasin me yake sayarwa. In darasin ne kaɗai hajarsa, kama gabanka.

An fi daɗewa kan littattafan da aka rubuta don Amurka, kuma da gaskiyarsu. Littattafan suna ta maganar PayPal da Amazon, alhali mai saye a Gusau taransifa zai yi ta OPay, kayan kuma direban tasha za a ba. A ɗauki dabarar hoto da lissafin riba, a bar sauran.

Wata ta ce darasi ɗaya ya isa. A gwada da turmi biyar daga Kantin Kwari, rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta biyo baya.