Karen nan mai tabarau, wa ya tuna sunansa?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, wani katun nake nema wa yarana: farin kare mai tabarau, shi da wani yaro suna komawa zamanin da. Sunan ya kwanta mini.

'Yar Samaru: Mr. Peabody ne, Yaya, yaron kuma Sherman. Karen ne fa yake riƙon yaron! Tun 1959 aka fara shi a Amurka, na'urar da ke kai su zamanin da kuma sunanta WABAC.

Na Ƙofar Doka: Kamfanin DreamWorks sun yi fim ɗinsa a 2014, har da Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, a ciki. Ni dai tsohon ya fi ba ni dariya.

Ɗan Tudun Wada: Madalla. Da zan samu na'urar, sai zamanin Sarauniya Amina, in ga ginin ganuwa.

'Yar Samaru: Kana sauka za a ɗora maka kwandon ƙasa, Yaya.