Jijiyar Baba ta kumbura, likita ya ce a jira

'Yar Bukoki: Salamu alaikum 'yan uwa. An yi wa Babanmu sikana a nan Yamai, aka ga babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ta kumbura, faɗinta santimita 4.7. Likita ya ce ba a kai ga aiki ba, mu koma bayan wata shida. To in ta tsage kafin nan fa? Tun ranar, ko tari ya yi sai Inna ta zabura.

Malamin asibiti: Wa alaikumus salam ƙanwata. Likitan na kan daidai. Galibi sai ta kai 5.5 ake aiki, wasu manyan cibiyoyi tun daga 5. Buɗe ƙirji ake yi, shi ma da haɗarinsa.

Ɗalibin injiniya: Haka ne Malam, sai dai faɗi kaɗai ba ya yanke hukunci. Wani binciken ƙasa da ƙasa na 2007 ya gano kashi 59 cikin ɗari na waɗanda tasu ta tsage kusa da zuciya ba su kai 5.5 ba. Bangon jijiyar shimfiɗa uku ne. Ta ciki ke fara tsagewa, jini ya kutsa tsakani yana ɓare su. Duba tiyon ban-ruwa a garka: biyu masu faɗi ɗaya, wanda rana ta cinye shi ke fashewa. Shi ya sa masu bincike ke gina siffar jijiyar mutum a kwamfuta daga hoton sikana, su lissafa inda matsi ya fi taruwa. Wasu kuma su sa na'ura ta ja gutsuren jijiyar da aka cire wajen aiki har ya tsinke, don auna ƙwarinsa. Matsalar, hoto ba ya nuna ƙwarin bangon mai rai, don haka abin bai zama ma'aunin asibiti ba tukuna.

Malamin asibiti: Abin da ke hannunku shi ne tansiyo, wato hawan jini. Kada ya tsallake magani, ku riƙa aunawa a gida, ya bar taba da ɗaukar nauyi. In ciwo mai tsanani ya sare shi farat ɗaya a ƙirji ko baya, a yi asibiti nan take, ban da jiƙe-jiƙe. Ku 'ya'yansa ma ku tambayi likita ko za a duba ku, abin kan bi jini.

'Yar Bukoki: Allah saka da alheri. Nauyin ne rigimar: jiya ma da kansa ya sauke buhun siminti a kasuwar Katako, wai yaran ba su iya ba.