Wane suna ya dace da abincin da ake ƙerawa a masana'anta?

Assalamu alaikum, masu kishin harshe. Mun ƙudurta a gidanmu za mu rage wa yara biskit, lemon kwalba, alawar leda da taliyar nan mai dahuwa cikin minti uku, amma duk lokacin da na zauna yi wa uwargida da Hajiya bayani, sai in rasa suna guda da zai tattara su. Turawa suna cewa "ultra-processed food", sunan da Farfesa Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Barazil ya yaɗa tun 2009, kuma tsarinsa mai suna NOVA ya raba abinci gida huɗu, wannan ne na ƙarshe.

An ba ni shawarar "sarrafaffen abinci", amma ban gamsu ba, domin daddawa, kilishi, ƙuli-ƙuli da kindirmo duk sarrafaffu ne, kuma ba su muke nufi ba. Ranar da na gwada faɗar haka, sai Hajiya ta tambaye ni ko daddawarta ma na haramta. "Abincin gwangwani" ya yi kaɗan, tunda biskit ba ya zuwa a gwangwani, kifin gwangwani kuwa a rukuni na uku na NOVA yake. "Abincin kamfani" ya fi kusa, sai dai shinkafa da garin masara ma daga kamfani suke fitowa. "Haɗaɗɗen abinci" kuwa, a bakin matasa yabo ne.

Abin da nake gani ya dace shi ne "ƙerarren abinci". Bahaushe yana dafa tuwo, yana dama fura, yana toya ƙosai, amma ƙira aikin maƙeri ne da masana'anta. Shi kuwa wannan abinci, tsinke hatsi da mai ake yi zuwa sitaci, sukari da kitse, a sake haɗa su da launi, ƙamshi da sinadaran hana lalacewa waɗanda babu wata uwa da ke ajiye su a madafinta. Kalmar tana kuma karɓar jam'i da jinsi ba tare da wahala ba: ƙerarriyar madara, ƙerarrun kayan sha.

Sunan yana da amfani, saboda illar ba ƙarama ba ce. A wani bincike da aka wallafa a 2019, masani Kevin Hall ya gwada mutum 20 a wata cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, mako biyu kan irin wannan abinci, mako biyu kan dafaffe, aka ga suna ƙara cin kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) kusan 500 a rana idan ƙerarren ne a gabansu, har nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya.

Abu ɗaya ya rage mini: ɗunkulen miya, wanda kusan kowace tukunya ke sha. Ni dai na sa shi cikin ƙerarru, mun fara raba shi biyu muna cikawa da daddawa. Malamai, kunnenku ya karɓi kalmar, ko akwai wadda ta fi ta?